Mai Tafiya Da Ɗakinsa: Baƙo Ne Ko Mai Gida?

A ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda ba a saba ganinta a kan titunanmu ba. Girmanta bai kai na babbar motar kaya ba, amma an mai da bayanta ɗaki sosai: ga gado, ga tebur da benci, ga murhun gas, ga firji, ga tankin ruwa mai cin kamar lita 100, har da ɗan makewayi da wurin wanka. Mutum ya ɗebi iyalinsa da guzurinsa ya kama hanya, inda dare ya riske shi nan ne gida. Galibinsu nauyinsu ba ya wuce tan 3 da rabi, saboda haka lasin na tuƙin ƙaramar mota ya isa. Mu dai a nan za mu riƙa kiranta mota mai ɗaki. Abin ba sabo ba ne, gama tun 1951 wani kamfani na Jamus mai suna Westfalia ya fara gyara motocin Volkswagen yana sa musu gado da kabad. Amma tun daga 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe masaukai, sha'anin ya bunƙasa ƙwarai, har a wannan shekara kaɗai aka yi wa sababbi fiye da 70,000 rajista a Jamus.

To, da lokacin zafinsu ya kama, watau daga Yuni zuwa Agusta, sai ka ga waɗannan motoci sun yi jerin gwano sun nufi arewa, ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan, inda tabkuna da kurmi su ke. Zuwansu ya ta da wata muhawara a can wadda mu ke ganin ta cancanci malamai da akawuna su ji ta, domin tambayar da ke cikinta tsohuwa ce: mutumin da ya zo ƙasar wasu ɗauke da ɗakinsa, baƙo ne ko mai gida? Za mu ɗauki Finlan mu yi misali da ita.

Sai mu fara da ƙasar kanta, don amfanin masu koyar da labarin ƙasa. Faɗin Finlan wajen murabba'in kilomita 338,000 ne, amma mutanenta miliyan 5 da dubu 600 ne kacal, watau ba su kai na Jihar Kano ba. Kashi uku cikin huɗu na tudunta kurmi ne, mafi yawa itatuwa masu ganye kamar allura waɗanda ba su kakkaɓewa, da wani mai farin ɓawo. Da aka ƙidaya tabkunanta a 1987 an sami 187,888. Dalilin yawansu shi ne, shekaru dubbai da suka wuce ƙanƙara mai kaurin gaske ta lulluɓe ƙasar duka, tana jan jiki a hankali tana kankare dutse. Da ta narke, kimanin shekara 10,000 ke nan, sai ta bar kwaruruka ruwa ya cika su, ta kuma bar dogayen tuddai na yashi da tsakuwa a tsakaninsu. Babban tabkinsu, Saimaa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 4,400 ne, cike da tsibirai da lunguna, har ba ka iya tsayawa wuri guda ka ce ga shi ka gan shi.

A ƙaddara wani Bajamushe ya sa motarsa a jirgin ruwa daga Travemünde, ya yi wajen awa 30 a teku ya sauka Helsinki. Ya bi hanya mai lamba 5 zuwa Mikkeli, ya karkata gabas zuwa Savonlinna, inda akwai ganuwar dutse a kan tsibiri wadda aka aza harsashinta a 1475. Gaba kaɗan ya hau tudun Punkaharju, siririn tudu mai tsawon kamar kilomita 7, ruwa dama ruwa hagun, wanda tun 1803 Sarkin Rasha Iskandar na Ɗaya ya hana a sare itatuwansa. Ya yi arewa zuwa dutsen Koli, mai tsayin mita 347, ya hango tabkin Pielinen a ƙarƙashinsa. In hanya ta yanke a bakin ruwa, akwai jirgin fito na gwamnati mai launin rawaya da zai haye da shi da motarsa, ba a karɓar ko kwabo. Daga nan sai Kajaani, sai Kuusamo, sai Sodankylä, sai tabkin Inari, har Utsjoki a kan iyakar Norwe. Hanyar da ta miƙe daga Helsinki zuwa Utsjoki kilomita 1,295 ce, ta fi nisan Ikko zuwa Kano. A can ƙurya, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa ko kaɗan. Masu karatu za su ce, to, yaya Musulmi ya ke yi da salla da azumi? Musulmin da ke zaune a irin waɗannan wurare wasu kan bi lokacin gari mafi kusa da a ke samun dare da rana, wasu kan bi lokacin Makka. Wannan magana ce ta wata rana.

Ba mu musun daɗin irin wannan tafiya, ba mu kuma raina amfaninta. Jirgin ƙasa ya tsaya a Kolari da Kemijärvi, bai ƙarasa ƙuryar arewa ba, masaukai kuwa a can kaɗan ne, ga tsada. Tsoho mai ciwon gwiwa, da gurgu, da mai ƙananan yara huɗu, da yawansu ba don mota mai ɗaki ba da ba su taɓa ganin waɗannan wurare ba. Duk mai cewa a hana motocin ɗungum bai yi tunanin waɗannan bayin Allah ba.

Amma abin da ya fi jan mutane zuwa can wata tsohuwar al'ada ce da Finawa ke kira haƙƙin kowa da kowa. Bisa ga wannan haƙƙi, kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da ikon ya shiga kurmin wani ba tare da neman izini ba. Ya yi tafiya a ƙasa ko a keke, ya yi iyo, ya tuƙa kwalekwale, ya tsinci 'ya'yan itacen daji da naman kaza, ya jefa ƙugiya, ya kafa tanti ya kwana ɗaya ko biyu nesa da gidajen mutane. A lura fa, fiye da rabin kurmin Finlan mallakar iyalai ne, mutane dubu ɗaruruwa, kowa da yankinsa da takardarsa, kuma daga sayar da katako su ke samun wani rabo na abincinsu. Duk da haka ba ka ganin shinge. Suwidin ta sa irin wannan haƙƙi cikin tsarin mulkinta a 1994. Norwe ta rubuta shi cikin doka tun 1957, har ta yanka iyaka: kada a kafa tanti kusa da gidan da a ke zaune ciki ƙasa da mita 150, kada kuma a wuce kwana biyu a wuri guda sai da yardar mai ƙasa.

A nan ne gardamar ta ke. Wasu masu motoci, musamman waɗanda suka karanta labarin rabi da rabi a intanet, sun ɗauka wannan haƙƙi ya ba su ikon su kutsa da motarsu duk bakin tabkin da ya yi musu kyau, su baje kujeru, su hura wuta, su yi mako. Alhali kuwa dokar ba haka ta ce ba. Haƙƙin na ƙafa ne, bai haɗa da inji ba. A Finlan dokar 1995 ta hana a tuƙa mota a sauka daga hanya a shiga daji sai da izinin mai ƙasa, Suwidin kuma ta yi tata tun 1975. Hura wuta a fili ma sai da izini, in kuwa hukumar yanayi ta yi shelar hatsarin gobarar daji, to, ko da izini an hana. Abin da aka bar wa mai mota shi ne ya tsaya a wurin hutawa na gefen hanya ya kwana cikin motarsa, in ba a kafa allon hani ba, ko kuwa ya shiga zangon da aka tanada ya biya. Masu ƙorafi suna cewa wannan ƙuntatawa ce da son kuɗi: me ya raba mai tanti da mai mota, tun da duka kwana za su yi su tashi?

Mu dai muna bayan dokar, kuma dalilanmu a ƙasa da ruwa su ke.

Ƙasar kurmin nan ba ta da kauri. Ɗan siririn turɓaya ne a kan dutse, da gansakuka, da wata farar ciyawa mai kama da soso wadda ba ta ƙaruwa sai 'yan milimita a shekara. Wannan farar ciyawa ita ce abincin hunturu na wata irin barewa ta gida mai ƙaho reshe-reshe, wadda mutanen arewacin ƙasar, da kabilar Sami da Finawa, ke kiwo. Yankin kiwon ya fi sulusin ƙasar, dabbobin kuwa wajen 200,000 ne, kowace da mai ita, da shaida a kunnenta, ko da ya ke sake su a ke yi suna yawo. Ƙafar mutum ta taka wannan ciyawa ta wuce, ɓarnar kaɗan ce. Taya mai ɗauke da tan uku kuwa in ta bi ta kai, sawunta kan daɗe shekaru bai shafe ba. Ban da wannan, kowace shekara motoci kan kashe dubban waɗannan dabbobi a kan hanya, domin lokacin zafi sauro da ƙudaje kan kore su daga kurmi su fito kan kwalta neman iska, kuma ba su da tsoron mota. Baƙon da ya zo kallo yana gudu, dukiyar wani ce ya ke bankewa.

Sha'anin ruwa ya fi wannan nauyi. Tabkunan Finlan faɗi gare su, amma ba zurfi; in an daidaita su duka ba su wuce mita 7 ba. Ruwa marar zurfi kuwa ba ya ɓoye ƙazanta. Mota mai ɗaki tana tara ruwa iri biyu: na wanke-wanke da wanka, mai sabulu da maiƙo, da kuma na makewayi, wanda ke taruwa cikin wani akwati da a ke zuba wa magani. Kwana biyu ko uku akwatin ya cika, tilas a juye shi. A zangon biya, da wasu gidajen mai, akwai ramin da aka gina musamman don wannan. Wanda ya ƙi shiga zango don kada ya biya, ina zai juye? Amsar ba ta da daɗin ji. Abin da aka zubar a gindin itace ruwan sama zai kai shi tabki, ya zama taki ga wata koriyar kainuwa mai dafi wadda kan hana yara wanka da dabbobi sha. Kada kuma a ce ai tabki ne kawai na daji. Mutanen Helsinki da kewayenta, fiye da miliyan ɗaya, ruwan tabkin Päijänne su ke sha, ta wani rami da aka haƙa cikin dutse mai tsawon kilomita 120, wanda aka gama a 1982. A Saimaa kuma akwai wata dabbar ruwa mai ɗan kama da ayu wadda babu irinta ko'ina a duniya. A shekarun 1980 ba su kai 200 ba, da ƙyar aka lallaɓa suka kai wajen 500, har mutanen wurin kan fita da shebur cikin sanyi su tara musu tudun ƙanƙara don su haihu a ciki.

Wuta kuwa ba sai mun tsawaita ba. A 2018 gobarar daji ta cinye wajen hekta 25,000 a Suwidin, har sai da ƙasashen Turai suka aiko da jiragen sama da 'yan kwana-kwana. Kurmin allura in ya bushe, ɗan garwashi guda ya ishe shi.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya gani daga bayan gilashi. Hanyoyin gwamnati a Finlan wajen kilomita 78,000 ne, amma ƙananan hanyoyin burji da ke shiga kurmi da bakin tabki sun ninka wannan sau huɗu ko fiye, kuma masu ƙasa ne ke tara kuɗi kowace shekara suna gyara su. A ƙarshen irin wannan hanya galibi akwai 'yar bukkar katako, da ɗakin wankan turiri wanda su ke kira sauna. Irin waɗannan bukkoki sun kai rabin miliyan. Bafine mutum ne mai son shiru. Ya yi wata goma sha ɗaya yana aiki don ya sami wata guda a nan, ba ya jin kome sai kukan tsuntsu. Ya farka ya tarar da farar mota an girke ta a mashigin ruwansa, an ta da janareta. Ba zai yi faɗa ba, don ba halinsu ba ne. Abin da zai yi shi ne, baɗi ya sa sanda ya tare hanyar, ya kafa allo. Da haka ne a ke rufe ƙofa guda guda, wanda kuma zai fi shan wahalar rufewar shi ne tsohuwar ƙauye mai kwandon tsintar 'ya'yan itace, wadda ba ta da mota ko kaɗan.

Wannan shi ne abin da ya fi damunmu. Haƙƙin kowa da kowa bai tsaya da ƙarfin 'yan sanda ba, gama babu ɗan sandan da zai iya tsaron kurmi mai wannan faɗi. Ya tsaya ne a kan amana: mai ƙasa ya yarda ka shiga domin ya tabbata za ka fita ba ka bar alama ba. An gina al'adar ne a zamanin da mai shiga daji ba ya ɗauke da abin da ya fi ƙarfin kafaɗarsa, saboda haka ɓarnarsa ba ta wuce ƙarfinsa. Mota ta ɓata wannan ma'auni. Shi ya sa ba mu karɓi hujjar masu cewa mai tanti da mai mota ɗaya ne ba.

Dattawan akawunan da suka yi aiki a zamanin En'e sun san wani abu mai kama da wannan. Babban ma'aikaci ya fita rangadi da gadonsa na naɗewa, da kukunsa, da akwatin abincinsa, ya sauka a bariki can bayan gari. A wurinsa tafiyar ba ta ci kome ba. Amma ruwan da aka jido, da itacen da aka faskaro, da sharar da aka yi bayan tashinsa, duk a wuyan mutanen ƙauye su ke, shi kuwa ya koma hedikwata ya rubuta rahoto a kan mutanen da bai zauna tabarma ɗaya da su ba. Sai a gwada shi da falke mai zuwa Gwanja, wanda kan sauka a zango, ya gai da sarkin zango, ya sami mai masauki wanda zai tsaya masa, ya kuma biya shi ladansa. Falke ya san shi baƙo ne, shi ya sa baɗi ma a ke karɓarsa.

Masu motocin suna da wata hujja wadda ba za mu ɓoye ba. Suna cewa, ai muna kawo kuɗi ƙauyukan da samari suka watse suka bar tsofaffi. Akwai gaskiya a ciki, gama gabashin Finlan da arewacinta sun daɗe suna rasa mutane, kanti guda da gidan mai guda kuwa watanni ukun nan na zafi kan taimake su su kai baɗi. Sai dai kuɗin na shiga ne in an tsaya an saya. Wanda ya cika firjinsa da tankinsa tun daga ƙasarsu, ya kwana kyauta a gefen hanya, ya bar buhun shara a wurin hutawa, ƙaramar hukuma ce za ta biya mai kwashewa daga harajin waɗannan tsofaffi. Hujjar ta zama tasu ne kaɗai in sun biya kuɗin zango, sun sayi kifi da burodi a kasuwar garin.

A ɗaya gefen kuma, hukumomin can suna da nasu nauyi. Ba daidai ba ne a yi ta talla a ƙasashen waje ana kiran mutane su zo su ga tabkuna dubu, sa'an nan a bar su su yi tafiya mai nisa ba su ga ramin juye makewayi ba. Ƙungiyar masu irin waɗannan motoci ta Finlan, wadda aka kafa a 1964, tana da zangogi nata, kuma 'ya'yanta galibi sun san ƙa'ida. Yawancin kuskuren daga wanda ya yi hayar mota na mako biyu ne, ba wanda ya gaya masa kome. Kamata ya yi kamfanin haya ya miƙa masa takardar doka da harshensa tare da makulli, garuruwa kuma su tanadi fili mai ruwa da rami a kuɗi kaɗan. Wasu ƙasashe sun riga sun matsa: a 2023 ƙasar Niyu Zilan ta yi doka cewa motar da za ta kwana a filin jama'a sai tana da makewayi kafaffe a cikinta, da takardar shaida. Ba mu ce Finlan ta kwaikwayi wannan kai tsaye ba, amma gara a gyara hanya tun masu ƙasa ba su gaji ba.

Abin mamaki, wanda ya bi dokar shi ne ya fi cin ribar tafiyar. Kunkuru ya fi kowa sanin cikin ƙoƙonsa, amma ba a tambayarsa labarin gari. In mai mota ya ajiye ta inda aka ce, ya rufe ƙofa, ya rataya jaka ya shiga ɗaya daga cikin gandun daji 41 da gwamnati ta keɓe, zai tarar da abin da ba ya gani daga kwalta. A arewa da gabas, cikin daji nesa da hanya, hukumar kurmi ta ƙasar tana da ɗakunan katako waɗanda ba a kulle su dare ko rana, ba a kuma biya. A ciki akwai dakalin kwana, da murhu, da gatari, da littafin da baƙi ke rubuta sunansu da inda suka nufa, don in wani ya ɓace a san inda za a fara nema. Ba mai gadi. Ka kwana ɗaya ko biyu, ka share, ka faskara itace ka jera kusa da murhu, domin mai zuwa bayanka watakila hannunsa ya sandare da sanyi, ba zai iya riƙe gatari ba. In kuma ɗakin ya cika wani ya ƙwanƙwasa cikin dare, al'adarsu ita ce wanda ya riga zuwa, ya huta ya ji ɗumi, shi ne zai tashi ya ba sabon zuwa wuri.